Janareto ya ceci saƙon Ardo

Jama'a, ku ji abin mamaki!

Yau Asabar da safe, a ofishinmu na aikin gona da ke Tudun Wada. Kwanan nan na koyi sa wa kwamfuta tsarin tace saƙonnin banza, na umarce ta ta riƙa tara su a akwatin tarkace, tana goge tarkacen duk Juma'a ƙarfe biyu.

Ardo Bello ya shigo. "Ɗana, likitan dabbobi ya ce ya aiko muku ranar rigakafi."

Na duba, babu! Ashe tacewar ta haɗa da saƙon. Na ce shi ke nan, an goge jiya.

Na buɗe tarkacen, ga shi daram!

Malam Sale mai janareto ya yi dariya. "Juma'a ƙarfe biyu? Wa zai bar inji yana ruri ana huɗuba? Kashewa nake yi, kwamfutarka ma ta mutu."

Rigakafin gobe ne. Ardo ya tafi tara shanunsa.