Daɓen Ɗakin Dije a Sabon Gari

Tashi daga Samaru

Zakara bai yi cara ta biyu ba na ɗaura zanena na fito. A lokacin Samaru ɗan ƙaramin ƙauye ne, gidajenmu ana iya ƙirga su daga kan suri, jirgin ƙasa kuma bai daɗe da fara kuka a Zariya ba. Ni Tabawa, duk ɗakin da aka daɓe daga nan har Basawa, in ba ni na ba da waƙa ba, to ku je ku duba, ya fashe kafin damina.

Abin da ya tashe ni, ƙanwata ce Dije. Mijinta Tanko lebura ne a tashar jirgi, ya ɗauke ta suka koma Sabon Gari. Da bazarar nan baƙon dauro ya ɗauke musu ɗansu Habu, yaron da bai daɗe da fara tafiya ba. Mazan gidanmu suka je gaisuwa, suka dawo suna yabon haƙurinta, wai ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ana yabo, ni kuwa na san ba lafiya ba. Bayan sadakar arba'in sai ga saƙon Tanko: Dije ba ta ci, ba ta magana, ta rame kamar kara, yana zaton iska ce ta taɓa ta.

Ni ba boka ba ce. Abin da na iya shi na ɗauka: madaɓai huɗu, da ƙunshin makuba, wato ɓawon ɗorawa da muke jiƙawa mu yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi ya yi ja. Na ji an ce ɗakin nata tun da aka gina ba a daɓe shi ba.

A hanya

Na bi Audu mai jakai, wanda ke kai gyaɗa kantin Turawa. Ya ɗora mini kayana, ni kuwa na ce ƙafata ta fi jakinsa sauri, kuma haka aka yi. Hantsi ya same mu a gindin wata tsamiya inda Fulani ke sayar da nono. Na miƙa wa wata yarinya cikinsu kuɗin wuri, ta noƙe kafaɗa, wai ita sai anini mai huda. Na ce mata uwarta da wuri aka aure ta. Ta yi dariya ta karɓa, har da gyara.

Kusa da barikin Turawa wani ɗan sanda ya tare mu, ya kwance ƙunshina, ya ɗaga madaɓi ɗaya yana jujjuyawa, yana tambaya ko kulki ne.

Na ce, "Ɗana, a ɗakin da aka haife ka, a kan me aka yanke maka cibi? Da wannan aka buga wurin."

Ya mayar ya ɗaure da kansa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, Iya.

Muka tsallaka layin dogo. Audu ya ce in yi bismilla kada in taka ƙarfen. Na taka shi da gangan, na ji ɗumi ne kawai irin na tukunya.

Sabon Gari

Kafin azahar muka shiga. Garin ba ganuwa, ba ƙofa, tituna a miƙe kamar an ja su da igiya. Hausa a nan, Nufanci a can, Yarabanci a gaba, da wani guntun Turanci da kowa ke tauna wa ɗan'uwansa. Gidan su Tanko ɗakuna ne a jere, kowace ƙofa da irin yarenta da irin ƙamshin miyarta.

Na sami Dije zaune a ƙasa a kusurwar ɗaki, kusa da wani faifai da aka kife. Ta dube ni, ta ce, "Yaya." Shi ke nan abin da na samu a ranar. Na dama fura na ba ta, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye.

Na dubi ƙasan ɗakin, duk gargada, ƙura na tashi. Na ce gobe za a yi daɓe. Tanko ya ce ai ya sha faɗa, ba ta yarda ko shara a yi a wajen kusurwar nan, kuma su wa za su yi? Nan ba wanda ya san wani.

Da na ɗauki tsintsiya na nufi wurin, sai Dije ta kama hannuna, riƙon da ban zaci akwai sauran ƙarfinsa a jikinta ba. Na zauna. Na ɗaga faifan a hankali. Sawun ƙafa ne guda biyu, 'yan ƙanana, yatsu sun fito sarai. Ashe ranar da aka zuba ƙasar ɗakin tana da laima yaron ya taka, ta bushe da shi.

Nan na gane ciwon. Habu ɗan fari ne. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya mutu ba ta yi masa kuka a ga hawayenta. A gida, mu ne za mu kewaye ta, gwaggo da inna da maƙwabta, mu kira sunansa, mu yi kukan, ita ta sunkuyar da kai ta sha nata a cikin namu. A nan kuwa wa ya san sunansa? Kwana arba'in da ɗoriya ba bakin da ya furta shi a kunnenta. Tanko ma uba ne, kunyar ta hau kansa.

Na mayar da faifan, na ce mata ba mai taɓa wurin.

Da la'asar na bi ɗakunan ƙofa ƙofa. A ɗakin farko na sami wata Banufiya mai sayar da tukwane, ana ce mata Nnawo, Hausarta a karye amma tana kaiwa inda aka aike ta. Ta ce tun rasuwar take son shiga, tana tsoron kada a ce ta yi shisshigi. Ita ta raka ni sauran ɗakunan tana fassara. Akwai matar wani akawu Bayarabiya, akwai wata mai zuwa coci daga kudancin Zazzau, akwai wata Bakanuwa mai ƙosai da ta ce ita ba ta taɓa ganin Bazazzagiya ta yi aikin da ya yi ƙarko ba. Na ce ta zo goben ta gani, in ta iya durƙuso da wannan ƙiba.

Ranar daɓe

Da sassafe Tanko da abokansa suka kawo tsakuwar marmara da ruwa, muka kore su. Mata shida suka fito taya ni. Madaɓai ba su isa ba, wasu suka ɗauko muciya, wata guntun katako daga tasha. Nnawo ta leƙa ƙarƙashin faifan, ta daɗe tana kallo, ta fita. Sai ga ta da ƙwarya cike da tsingaro, na fasassun tukwanenta. Ta ce a garinsu da shi suke yi wa ƙasa ado. Ta durƙusa ta kewaye sawun da shi, tana kafa kowane a tsaye, zobe bayan zobe, har wurin ya zama kamar fure. Ni da na shekara talatin ina daɓe ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na faɗa mata. Abin kirki ba ya rage ni.

Muka jeru a durƙushe. Na ɗaga murya da waƙar da kowace yarinya ta sani a gida, na jira amshi. Bakanuwar ce kaɗai ta amsa, ita ma a karkace. Madaɓai na sauka kamar awaki a kan rufi, kowa da nasa lokacin. Daɓe kuwa in hannuwa ba su sauka tare ba, ƙasa ba ta kwanciya.

Na tsaya. Na dubi Dije a kusurwarta. Na ce to, ga amshin da kowane harshe zai iya, kalma ɗaya ce. Na buga ƙasa na fara:

*Wa ya taka ɗakin nan tun ba a daɓe ba?*
*Habu.*
*Wa ya riga manya shiga sabon ɗaki?*
*Habu.*
*Ƙasa ki kwanta, mai ɗakin ya yi gaba.*
*Habu.*

A zagaye na biyu duk sun kama. Bayarabiya na ja masa wutsiya, Banufiya na haɗiye rabinsa, amma madaɓai sun koma hannu ɗaya, har bango na amsawa. Ina ƙara baiti, matan na jefo mini abin da suka sani. Ashe sun san shi. Mai ƙosai ta ce kullum sai ya tsaya a gaban kaskonta ya miƙa hannu, na sa a waƙa. Matar akawu ta nuna da hannu yadda yake bin kazarta yana faɗuwa, na sa. Mai zuwa coci tana bugu tana share ido da kafaɗa.

Ban ga tasowar Dije ba. Ji na yi an zare madaɓi daga hannuna. Ta durƙusa a gefena ta shiga bugu, bakinta a rufe, ba ta faɗi sunan ba, ba za ta taɓa faɗa ba. Amma duk sa'ad da muka kira shi, nata madaɓin ya fi na kowa ƙara. Can sai muryarta ta fashe da kuka. Ba wadda ta ce mata yi haƙuri. Na ɗaga waƙar sama yadda ko na waje ba zai rarrabe kukanta da amshinmu ba, muka yi ta yi har muka kai bakin ƙofa.

Da aka yayyafa makuba ɗakin ya yi ja yana ƙyalli. Bakanuwa ta kawo ƙosai, ta ce daɓen ba laifi, na Zazzagawa ne dai. Dije ta ci biyar, ina ƙirgawa a zuci.

Na ƙara kwana uku muna sake bugu da yayyafi. A na ƙarshe na ji ta ta katanga tana yi wa Nnawo gardama a kan gishirin miya.

Komawa gida

Na biyo wasu mata masu kai itace, muka taso da hantsi, muka iso Samaru rana ta karkata. Matan unguwa suka taru suna tambayata jirgi, wai da gaske ne yana cin wuta yana shan ruwa. Na ce su bari in sha ruwa ni ma tukuna.

Na wuce ɗakin tsohuwarmu, wadda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa ko'ina. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta ambaci Dije ba, ba ta tambayi ko an ci ko an sha ba. Ta kamo hannuna ta ce, "An yi kukan?"

Na ce, "An yi, Inna. Mu bakwai muka taya ta."

Ta saki hannuna ta shafa fuska. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma saka wa matan gidan nan da alheri, kowace da yaren da take roƙonsa.