Akwatin Matan Danau Kota

Shekara goma Ɗelu ta yi tana koyar da 'yan aji uku a Gumel kafin mijinta ya samu gurbin karatun digiri na uku, suka tattaro zuwa Kuala Lumpur. A can malama ce, har iyayen yara kan rusuna su gaishe ta. A nan kuwa takardar zamanta cewa ta yi 'yar rakiya ce, kuma mutane suka ɗauki maganar takardar da gaske.

Hawa na goma sha bakwai suke a wani bene a unguwar Danau Kota. Ita ke raka amare asibiti, ita ta san shagon da ba a cuta a Jalan Masjid India. Abu ɗaya ke cin ranta: 'yarta Khaulah ba ta iya gaida kakarta a waya, sai dai ta yi murmushi ta ce "boleh", wato "to" a yaren ƙasar. Shekara uku Ɗelu tana roƙon ƙungiyar ɗalibai ta nema wa yara ɗaki su riƙa koyon Hausa ranar Asabar, ana ce mata za a duba.

Sai zaɓen shugaban ƙungiya ya zo, 'yan arewa suka shirya fid da gwani tsakanin mutum biyu. Muntasir mai baki ne, jama'a a bayansa. Hadi kuwa ba ya iya jawabin minti biyu bai yi gumi ba, amma ya yi alkawarin aji. Ɗelu ta bi gida gida ta haɗa masa mata ashirin da uku.

Ranar zaɓe aka ce don mutunci an ware wa mata akwatinsu, kada su yi cunkoso da maza. Har godiya suka yi, bayin Allah! Aka ƙirga na maza: Muntasir arba'in da takwas, Hadi talatin da tara. Ɗelu ta yi lissafi a ranta, ta fara murmushi. Sai shugaban kwamiti ya gyara murya ya ce an duba, 'yan rakiya ba ɗalibai ba ne, ba za a buɗe akwatinsu ba.

"Malam, da kuke ba mu takardar ƙuri'a ba ku san haka ba?"

"Maman Khaulah, constitution ne lah. A yi haƙuri."

Haƙuri! Wanda ya tura ka rami shi ke fara ba ka shi. Ta koma gida tana huci, kwana biyu ko tukunya ba ta ɗora da daɗin rai ba.

Mako biyu bayan nan sai ga Muntasir da sallama, kai a ƙasa. Ashe a babban zaɓe ana ƙirga ƙuri'un iyalai, kuma abokin karawarsa ya fi shi yawan ɗalibai. Bai ji kunya ba ya ce, "Yaya, ku ne strength ɗinmu."

"Yau kuma mun zama mutane?" in ji Ɗelu. Ta so ta nuna masa ƙofa, wallahi ta so. Amma ta ce, "Aji ya fara wannan Asabar, kafin zaɓe. In babu ɗaki, babu ƙuri'a."

Ɗakin da aka shekara uku ana dubawa, cikin kwana biyu ya samu. Ɗelu ta kira matan ɗaya bayan ɗaya ta ce su zaɓi mutumin da ya wulaƙanta su, kowace kalma tana mata ɗaci a baki.

Ranar Asabar ta isa da wuri da allo a hammata. Ta tarar an riga ta, wani yana jera kujerun yara shi kaɗai, rigarsa sharkaf da gumi. Hadi ne. Ya ɗago ya ce, "Malama, goma sha huɗu sun isa, ko in ƙaro?" Ɗelu ta kasa haɗa ido da shi.