Ranar da Abu Junada Ya Tashi Daga Kan Fata

Makon da mijina ya rasu, Abu Junada ya naɗe fatar da yake wasan dara a kai daga gindin katangata, ya koma da ita can bakin layi, inda rana ke dukan mutum tun hantsi. Bai ce mini komai ba. Daga baya na ji abin da ya faɗa wa abokansa: "Mai takaba ba ta bukatar ihunku." Har na fita takaba a rana suke wasa, ƙeyarsa duk ta ƙone.

Maginin tukwane ne a unguwarmu ta Karhu, nan Bagadaza. Amma ba tukwane suka sa aka san shi ba, darar shaɗaranji ce. Shi yake gina 'ya'yan wasansa da ragowar yumɓu, babu fuska babu ido, don kada a ce gumaka ne. Giwa dunƙule ce mai ƙahonni biyu, doki mai ƙaho ɗaya. Yakan juya wa fata baya yana murɗa tukunya, a faɗa masa abin da aka taka, ya ba da amsa bai waiwayo ba. Ni daga kan soro nake kallo in ina shanya, har na gane tafiyar kowane ɗa, ban taɓa riƙe ko ɗaya ba.

Abokin karawarsa Sahalu ne, mai sayar da turare. Tun suna samari suke yi.

"Sahalu, dokin nan naka gurgu ne ko barci yake?"

"Kai dai kula da tukunyarka, ta karkace kamar hancinka."

"Na tsare sarkinka! Gyara zama, mai ƙamshi."

Ba ya caca, ba ya ashar. Aibinsa ɗaya: in wasa ya yi daɗi, kunnensa toshewa yake. Ladan ya kira la'asar, a yi salla a fito, shi yana nan ya zura wa giwa ido.

Da 'yata Ulayya ta samu miji, Sabitu mai kwalekwale a kogin Dijla, ita ta ce Baffa Abu Junada za a sa cikin shaidu. Shi ba shi da ɗa, ita kuwa a gabansa ta girma. Da ya ji, har sabuwar riga ya ɗinka. Sai limaminmu, Shaihu Mu'afa, ya tare shi a ƙofar gidana, ina jin su ta bayan labule.

"Abu Junada, ina ƙaunarka, amma mutumin da yumɓu ke hana shi jam'i ba na karɓar shaidarsa."

"Ya Shaihu, ai ina ramawa."

"To auren ma sai ka rama."

Sahalu ya yi dariya har da tari. Abu Junada kuwa ya shige rumfarsa. Shaihu ya ce yana nan yana kallo har ranar ɗaurin aure, jam'i ɗaya ya kuɓuce, a nemi wani.

Abu Junada ya riƙe kuwa. Kwana da kwanaki bai shimfiɗa fata ba, yana ta zagaye layi kamar wanda aka hana gishiri. Ana gobe ɗaurin aure sai ga wani gwani daga Basra, irin waɗanda ake kira gidajen manya su yi wasa. Ya ji labarin magini mai wasa da ƙeya, ya zo gani. Abu Junada ya daɗe yana mafarkin irin wannan zama. Ya dubi rana, ya ce, "Kafin la'asar na gama da shi."

Baƙon ya gyara rawani ya ce, "A wurinmu, wanda ya tashi ya bar fata an cinye shi."

"Mun ji."

Layi ya cika. Na hau soro da tsintar shinkafar biki. Wasa ya ƙi ƙarewa. Baƙon ba kanwar lasa ba ne, sai da inuwa ta miƙe kafin na ga sarkinsa ya maƙale a kusurwa, dokin Abu Junada da waziri sun tsare shi. Abu Junada ya ɗaga hannu zai taka ke nan ladan ya buɗe murya.

Hannun ya tsaya a sama. Na ga kunnen nan da ba ya ji ya motsa. Ya dubi dokin, ya dubi masallaci, ya sake duban dokin kamar mai sallama da ɗansa. Sai ya nemi takalmansa.

"Ka cinye, ya ɗan Basra. Allah ya sanya albarka."

Baƙon ya watsa 'ya'yan da bayan hannu tun mutane ba su gama ƙirga abin da ke kan fatar ba. Sahalu ya bi bayan Abu Junada yana ihu: "Gudu ya yi! Wallahi gudu ya yi, ladan ne ya cece shi!" Shaihu Mu'afa kuwa, an ce da ya juyo ya gan shi a sahun farko, murmushi ya kusa ɓata masa kabbara.

Washegari Abu Junada ya tsaya cikin sabuwar rigarsa ya yi shaida da murya har bakin kogi. An ci kifi da gurasa, an sha ruwan rumman. Ya ba amarya tukwane cike da kwando, Sahalu yana cewa duk karkatattu ne. Ban taɓa ganinsa da farin ciki haka ba, ko ranar da ya ci wani.

Ya shekara da yawa bayan nan, yana wasa, yana tashi in an kira. Sahalu bai taɓa daina tsokanarsa da gudun Basra ba. Wata rana Abu Junada, ya tsufa sosai, ya tsaya bayan labulena ya yi sallama.

"Ummu Ulayya, ranar nan kina kan soro, na ga inuwarki. Kin ga fatar?"

Na ce, "Na gani."

"Wa ke da ci?"

"Kai."

Ya yi ajiyar zuciya, ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "To alfarma ɗaya. Yanzu ki bar mai turaren nan ya ji daɗinsa, abin da yake taƙama da shi ke nan. Amma ranar da aka kai ni, in ya zo gaisuwa ya gama kukansa, ki aika a faɗa masa."