Jan Ƙyalle a Wutsiya

Tun tana budurwa Darlene Pruitt take yi wa dawakan gasa kitson geza a jihar Kentucky ta Amurka, har yatsunta suka lanƙwashe. A barga kowa ya san ƙa'ida: dokin da ke harbi, jan ƙyalle ake ɗaura masa a wutsiya don mutane su yi nesa da shi.

Ranar da aka ƙara wa Wendell Haskins, mai horar da mahayan ƙasa, albashi, ya shigo yana ɗaga ƙafa kada kashin doki ya taɓa takalminsa. Mutumin da rabonsa da sirdi tun kafin ya ajiye tumbi!

"Darlene, bana kitson kyauta za ki yi mana," in ji shi. "Kishin ƙasa ne."

"Yallaɓai, kai naka kishin a banki ake zuba maka shi, ko?"

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗarta. Yana juyawa ta maƙala masa jan ƙyalle a bayan wando.

Yini guda mutane na darewa suna ba shi hanya. Da yamma ta ji shi yana ce wa matarsa, "Kin gani? Yanzu suka san darajata."