Bebiyar da Aka Bari a Bayan Ƙofa

Shekarar da sanƙarau ya shiga Ƙauran Namoda ina ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma na riga na yanke wa kaina hukunci cewa ni ɗan wuta ne.

Mu Kirista ne, 'yan gidaje kaɗan a bayan tashar jirgin ƙasa, inda kakana ya yi aiki har ya rasu. Dattijon da ke koyar da mu a ajin baftisma, Baba Ishaya, yana da ƙa'ida: ba a kai yaro gulbi a yi masa baftisma sai ya tsaya gaban jama'a ya kawo Shaidar Bangaskiya da ka, ba tuntuɓe. Ni kuwa in'ina gare ni. A zuci na iya ta tsaf, amma da na buɗe baki sai harshe ya ƙulle. Sau uku ana mayar da ni benci. Ya kuma taɓa ce mana wanda ya mutu bai furta ta ba, shi dai bai san makomarsa ba. Yara biyu suka mutu a layinmu cikin mako guda. Kowace safiya sai na juya wuyana in ji ko ya fara sanƙarewa.

Da almuru, bayan an kwashe tuwo, kakata Iya Saratu kan zauna kusa da murhu ta yi mana tatsuniya. Ranar ta ga ban taɓa kwanona ba.

"Maigidana, mi as same ka? In tuwona ne ba ka so, hwaɗi in nemi wani mijin."

Da ƙyar na fitar mata da abin da ke cina. Ta daɗe tana tona garwashi da kara, sannan ta ce, "To ku matso, ga wata nan tahe."

Wai an yi wani gari mai ganuwa da ƙofa ɗaya, dajinsa cike da kuraye. Sarkin da ya kafa shi ya bar takarda mai bayanin wanda za a buɗe wa ƙofa. Saboda girmamawa aka ɗinke ta cikin fata kamar laya, aka rataye a saman ƙofar. Wani mai hikima ya tsara 'yar waƙa don mutane su riƙa tuna abin da ke ciki, waƙa mai kyau kuwa. Da tafiya ta yi tafiya, masu gadi suka ce ba mai shiga sai ya rera ta.

Wata rana wata yarinya bebiya ta je itace, rana ta faɗi tana hanya. Ta buga ƙofa. Aka ce, "Rera!" Ta sake bugawa. A nan Iya ta sunkuyar da kai ta yi kukan kura a maƙoshi, a hankali, kamar daga bayan dangarmu yake fitowa. Daga cikin gari uwar yarinyar ta yi roƙo har muryarta ta dushe, daga ƙarshe ta hau ta yanko layar, ta farke ta, ta miƙa wa mai karatu. Abin da ke ciki kaɗan ne: duk wanda ya buga, a buɗe masa.

"An ka buɗe ƙohwa," in ji Iya. "Ba a iske komi ba sai damen itace da takalmi guda."

Na fashe da kuka. Ba ta taɓa ƙare tatsuniya haka ba, kuma ba ta lallashe ni ba. Na tambaye ta me ya hana su karantawa tun da wuri. Ta ce, "Girmama ta sun ka yi har sun ka bar buɗe ta."

Da gari ya waye ta naɗe Littafi Mai Tsarki a ɗankwali, ta kama hannuna, sai gidan Baba Ishaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye Littafin a gabansa.

"Malam, ni karatuna bai yi nisa ba. Gwada mani inda an ka ce sai yaro ya kawo wagga hadda kahin a karɓe shi. Ɓarawon da an ka gicciye tare da Almasihu, har an ka yi mashi alkawarin aljanna, wa yab bi mashi hadda?"

Ya daɗe yana juya shafi. Mutum ne mai gaskiya, Allah Ya ji ƙansa. Ya rufe ya ce, "Babu, Iya. Mu mun ka tsara." Ranar Lahadi a bakin gulbi tambaya ɗaya ya yi mini, ko na gaskata, ya kuma jira har amsar ta fito.

Na daɗe ina zaton Iya ta raina Shaidar Bangaskiya. Ba haka ba ne, don duk majami'ar ba mai ɗaga murya kamarta idan ana faɗin ta. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne maganar mutane ta hau kan ta Allah ta zauna.

Ina da 'ya'ya uku lokacin da ɓarin jikin Iya ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Wata biyu tana kwance, ko amin ba ta iya cewa. Ranar da za ta cika ina riƙe da hannunta, ina kuka don zan rasa ta, amma ko kaɗan ban ji mata tsoro ba.