Jitar da Aka Yi da Ƙofar Mahaifiyata

Shekarun baya, in na buɗe baki da waƙa a Mubi, har shanun Belel sai sun daina kiwo sun saurara. Haka dai nake gaya wa mutane. Da wannan cika-bakin na yi wa abokina alkawarin kiɗa a bikin aurensa a Digil, a gaban dangin amarya, ana cikin shiri sai jitata ta tsage. Lokacin ba a daɗe da ƙuri'ar raba-gardamar da ta bar mu a Najeriya ba, masu kawo jita daga Kamaru sun yi wuyar gani.

Aka nuna mini wani tsohon kafinta a Yelwa. Na ce ya yi mini jita, ya ce, "Yi waƙa tukun. Ba na zaɓen katako sai na ji muryar mai shi."

Na saki murya, kajinsa suka watse. Ya gyaɗa kai kawai.

Muka zaga kasuwa yana ƙwanƙwasa katako da yatsa, yana kara kunne. Wannan ɗanye ne, wancan kurma. Da ya rako ni gida, ya ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofar maɗaci ta ɗakin mahaifiyata, sai ya tsaya cak.

Ya ce mata, "Inna, a ba mu wannan."

"Ni kuma in rufe ɗaki da me, da bakin ɗan nan?" in ji ta. Amma ta bayar.

Ya fere ta, ya kankare har ta yi sirara, ya haɗa jita da ita, ya ɗaura mata wayar birkin keke. Ranar da ya fara kaɗa ta, wallahi sai da na miƙe tsaye. Ƙofar da nake banka tun ina rarrafe, ashe duk shekarun nan akwai wannan murya a cikinta! Mahaifiyata ta riƙe baki, abin da ban taɓa gani ba.

A Digil aka yi rawa har tsofaffi suka yar da sanduna. Abokina ya fita kunya. Har yau in na ga tsohon katako, sai na ƙwanƙwasa shi, ina mamakin abin da Allah ya ɓoye a ciki.

Bayan biki na koma wurin kafintan ina ƙafafa, na ce, "Baba, ka zaɓi katakon da ya dace da muryata."

Ya ce, "Sosai, ɗana. Mai ƙarar da zai rufe muryar taka na nema."