La'asar Ɗin da Aka Ba Sahabi

Ranin da ya biyo bayan yanko mana jihar Kebbi daga Sakkwato, wata Laraba da la'asar, Malam Garba ya jingine kekensa a jikin darnin garkarmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Aliero da Jega. Shi ne malamin ajinmu, kuma shi ke riƙe da 'yan aji biyu don malamai sun yi ƙaranci. Ya tarar da Baba yana jan jigo a bakin rijiya, ni ina buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali da fartanya, ƙanena Sahabi kuma yana fama da wani ɗan bokiti da rabin ruwansa ke ƙarewa a kan rigarsa. Ina aji shida a lokacin, jarrabawar shiga sakandare na gabana. Sahabi yana aji biyu, ko majina bai iya sharewa da kyau ba.

Ƙara Malam ya kawo. Ya ce mu biyun ba mu taɓa yin aikin da yake bayarwa a yi a gida ba, a riƙa sakinmu da la'asar mu zauna mu yi. Baba ya saki igiya, ya goge hannu, ya gaishe shi da ladabi. Ya ce, "Malam, albasa ba ta san makaranta ba. In ta kwana da ƙishi, mu ka kwana da yunwa. Biyu ba ni iyawa, amma ina ba ka guda." Malam yana duban taɓon da ya kama takalminsa ya ce, "To, ko guda na, an rage." Ya karɓi ɗaurin ganyen albasa, ya hau kekensa. Bai faɗi wane ba. Wannan shirun nasa shi ya cinye ni.

Baba ya dube mu yadda manomi ke duban shanun huɗa. Wanda ba ya tsinana komai a garka shi ya sallama. Ni na ci gaba da buɗe wa ruwa hanya da fartanya, don a gidanmu yaro ba ya sa baki idan manya sun yanke.

Sai ku ji irin aikin da ake ba Sahabi. A zana ƙwallo. A rubuta baƙi ɗaya har ƙasan shafi. Kafin Inna ta gama tankaɗe garin tuwo ya gama, ya cilla littafin ƙarƙashin rumbu, ya fice wasan langa. Daga garka nake jiyo ihunsu. Nawa kuwa lissafin rabawa ne mai tsawo, da Turancin da sai ka zauna ka karanta, ka sake, kafin ka gane abin da ake tambaya. Irin aikin da ke buƙatar mutum da natsuwarsa. Yaushe zan yi? Da safe makaranta, da rana kai wa awaki harawa, la'asar ban ruwa, bayan magariba karatun allo, wanda ba mai ɗaga maka ƙafa a kai. Kullum da safe in miƙa tafin hannu, wanda ruwa da ƙotar fartanya sun riga sun tsattsaga, Malam Garba ya zuba mini bulala. Yara na ƙunshe dariya suna cewa, "Malam, bar shi haka nan, warin albasa ka hana shi tunani."

Sau ɗaya Inna ta tanka. Ta ce wa Baba, "Malam, ai babban ad da jarrabawa." Baba ya ce, "Karatu duk ɗaya na. Guda anka ce, na ba da guda." Ba mugunta ya yi ba, bai sani ba ne. Wanda ya sani, wanda ake kira malami, bai taɓa tambayar wa aka saki ba.

A Jega muka zauna jarrabawar. Abin da ya fi ƙona mini rai, na gane tambayoyin. Irinsu na sha kwafa daga allon aji zuwa littafina, in kai gida, in dawo da su yadda suke. Na zauna ina kallonsu kamar mutanen da na sani a fuska amma ban taɓa gaisawa da su ba. Sunana bai fito ba. Sahabi da aka ba lokacin, a aji biyar ya watsar da boko, yau babbar mota yake ja zuwa kudu, ko a jikinsa.

Ni ga ni a kasuwar albasa ta Aliero, ina ɗinke buhu. 'Yar autata mai shekara shida tana dawowa daga makaranta da jaka kamar ta matafiyi, tana rubutu tana kuka, barci na fizgarta. Babban ɗana yana ajin ƙarshe a sakandare. Na rantse ba zai taɓa buhu da la'asar ba, kuma ban karya ba. Amma kullum na tambaye shi ina aikin makaranta, sai ya ɗago kai daga waya ya ce, "Baba, ba a ba mu ba."

Lokacin da na rasa, ga shi na miƙa wa ɗana, babu abin da zai zuba a ciki.